Amfilifayar Mai Goro

Zauna, ɗan nan, ka saki wannan fuskar. Na gode wa Allah da ya sa ka biyo ta ɗakina kafin ka furta abin da ba ya haɗiyuwa. Ka ce matarka ta cika gunaguni, ka gaji, gara ta tafi gidansu kowa ya huta. To, na ji. Yanzu kai ma ka ji nawa, kuma kada ka katse ni.

An yi wani mai sayar da goro da ya gaji amfilifaya daga mahaifinsa, irin ta da ɗin nan mai nauyi, wadda sai ka ɗaure ciki kafin ka ɗaga ta. Da ita yake ƙara wa rediyo murya, domin tsohuwarsa kunnenta ya yi nauyi, ta lasifikar da ke jone da amfilifayar kaɗai take jin karatu daga ɗakinta. Shekara da shekaru abu na aiki lafiya lau. Rannan kwatsam sai ta fara ƙugi. Ya rage murya, ƙugi na nan. Ya zare lasifika, ƙugi na nan, ashe daga cikin akwatin yake fitowa, har kofin da ke kan teburi yana rawa. Ya sa mata matashin kai a ƙasa, ya ɗora mata dutsen niƙa a sama, ya ɗaure ta da roba kamar akuya mai ɓarna, da haushi ya cika shi har mari ya kai mata. Duk a banza. Ya goya ta a babur ya kai wa mai gyaran rediyo. Aka jona ta a shago, shiru kake ji kamar an aiki bawa garinsu. Ya dawo da ita gida, ta ɗora daga inda ta tsaya. Haka ya yi ta safa da marwa har ya ƙosa, ya ce tsufa ne ya kama ta, ya kira ɗan gwangwan ya zo ya fasa ta ya zare wayar jan ƙarfen da ke ciki. Da tsohuwa ta ji haka, sai ta juya fuska bango.

Allah da ikonsa, ɗan gwangwan ya iso da guduma ke nan sai ga mai gyara ya biyo sawu, don abin ya tsaya masa a rai. Ya ce, "Malam, dakata. Abin da ya yi lafiya a shagona ya yi ciwo a gidanka, ai gidan za a duba." Suka jona ta, suka bi kayan wutar gidan suna kashewa ɗaya bayan ɗaya, firji, fanka, dutsen guga. Ƙugi bai fasa ba. Suna tsaye cirko-cirko sai ta yi tsit don kanta. Can kuma ta ɗauka. Mai gyara ya kasa kunne, ya jiyo wani huci ta bayan katanga. Maƙwabciya ce mai wankin kai da kitso, wadda mai goro da hannunsa ya ja wa waya daga layinsa saboda tausayi, take busar da gashin mata da diraya. Duk sanda ta sa ta a ƙaramin zafi, dirayar sai ta riƙa cin wuta ta gefe guda, ta bar saura a karkace. Mai gyara ya ce taransifomar da ke cikin amfilifaya tamkar ɗan garuwa ce: ka cika masa garwa ɗaya ka bar ɗaya rabi, zai kai ruwan, amma da nishi zai kai. Mai goro bai yanke wa baiwar Allah wuta ba, tunda abincinta ke nan. Gidan layi biyu ke shigarsa, sai aka mai da wayarta kan ɗayan. Ƙugi ya ɗauke ɗif. Ya sauke dutsen niƙa, ya kwance roba, ya goge akwatin da bakin rigarsa yana hamdala. Ya sallami ɗan gwangwan da goro, ya cika wa mai gyara ƙwarya da farare ƙal, yana godiya har ƙofar gida. Maƙwabciya ta leƙo tana ba da haƙuri, ya ce, "Ke da wane laifi? Ni na ɗaura wayar." Da la'asar aka kunna karatu, tsohuwa ta juyo daga bango tana sa wa mai gyara albarka.

To, ka ji. Yarinyar nan tun da aka kawo ta ban taɓa jin muryarta a sama ba. In ta zo nan dariya take yi, in ta je gidansu lafiya ƙalau, sai a gidanka take ƙugi. Ni dai idona biyu, na ga abokanka da suka mai da zaurenka majalisa, ka jona su a tukunyarta, tana tuƙa tuwo safe da rana ba mai ce mata sannu. Duk da haka akushi bai taɓa fita wayam ba. Wannan godiya ake yi mata, ba kora ba. Tashi ka je ka duba wayar da ka ɗaura da hannunka, kuma ka biya ka sayo mata tsire. Masu iya magana ba su yi ƙarya ba da suka ce ruwa ba ya tsami banza.