Likitan da Ya Zauna

Da likitan ya jawo kujera ya zauna a gabanmu, sai na ji jikina ya yi sanyi.

Haka ake koya mana isar da mummunan labari a makarantar likitanci. Ka zauna, ka kashe waya, ka fara da tambayar abin da dangi suka sani. Ni na fi kowa iyawa a ajinmu, har malaminmu ya ɗauki bidiyona don bincikensa. Matar da aka ɗauko tana yi mana kukan ƙarya ma cewa ta yi, "'Yar nan, ke ko mutuwa kika faɗa wa mutum sai ya gode miki."

Likitan ya kashe wayarsa. Mama tana gefena, rungume da takalman Baba.

"Mama, me kuka fahimta game da jikin maigidan?" in ji shi.

Ta taɓo ni tana murmushi. "Kin ga likitan kirki. Tunda muka zo ba wanda ya zauna da mu. Da alama jikin da sauƙi."

Ni kuwa hannunsa nake kallo, yana matso mata da kwalin tishu a hankali, daidai yadda na yi a bidiyon.