Aksul ɗin Baya da Kunnena

"Ku ɗaga motar a jak ku tayar da ita, ni zan juya mata baya," na ce.

Shekara arba'in da bakwai ina gyaran mota. Ban taɓa zama a aji ba, kunnena ne takardata. Mota ta taɓa faɗo mini a ƙirji, ita aka kai bola.

Amma babban ɗana ya dage wai in bar masa gareji in huta. Muka yi sharaɗi a kan tsohuwar a-kori-kurar surukina, mijin 'yata, wadda bayanta ke kuka in ta ɗau gudu. In na kasa gano ciwonta da kunne, zan miƙa makullin garejin. Har matata, uwarsu, ta zo kallo.

Na juya baya, na rufe ido. Nan take na ji shi, siririn kuka kamar sauro.

"Ba farfela ba ce, ita karkarwa take sawa. Boris ɗin taya kuwa gurnani yake. Wannan aksul ne, mai ya ƙare, haƙora na cin juna. Kashe ta haka!"



"Baba," in ji surukina, yana sosa ƙeya, "ban tayar da ita ba tukuna."

Uwarsu ta gyara mayafi. "Malam, kukan nan ne fa ka ce na firjina ne. Sau uku kana kwance mini shi."

Gobe za su kai ni likitan kunne. Makulli dai yana aljihuna, tunda motar da ba a tayar ba, ai ba a yi jarrabawa ba.