Barcin Azahar

Yaron yana cika shekara biyu da rabi ya daina barcin rana. Uwar ta goya shi, ta yi ta zagaya tsakar gida har bayanta ya ƙage, amma idonsa biyu.

Ta kai shi asibiti a Kabo.

"Ba ciwo ba ne, girma ne," in ji malamar asibitin. "Kada ki tilasta masa. Da azahar ki ba shi abinci ya ƙoshi, bayan magariba ki kwantar da shi."

"To, Malama," ta ce.

Kunya ta hana ta faɗin cewa tun da ambaliya ta cinye gonarsu sau biyu ake hura wuta a gidan, koko da safe, tuwo da dare. Barcin nan shi ne abincin ranar ɗanta.

Daga ranar sai ta riƙa rufe nata kokon ta ajiye masa. Da azahar ya shanye, ya lashe ludayi, ya fita wasa. Ita kuwa, da cikinta na wata bakwai, takan lallaɓa ta kwanta a 'yar tabarmarsa, ta yi barcin.