Takardar Ƙarfe Huɗu

Ina haɗa wa mijina Fatihu jakar tafiya jihar Colorado, inda yake zuwa wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, sai ga wata takarda. Ya rubuta sunan dutsen, da hanyar da zai bi, da gargaɗin cewa ƙanƙara na iya zaftarewa. A ƙasa ya sa: "In ban kira zuwa ƙarfe huɗu ba, ki kira masu ceto." Sunan Sharifa ne a sama, abokiyar aikinsa a garin Germantown.

Na dire masa ita a gabansa. "Baban Ilham, wata ka damƙa wa ranka? Ni hoto ce a gidan nan?"

"Bara ke na ba wa, Mairo."

Na tuna. Ina fushi ya bar ni da yara. Huɗu ta wuce bai kira ba, na ce don kansa, na kashe wayata.

Ya shafa ƙafar da har yau yake ɗingishi da ita.

"Ba a matakalar otal na karye ba, kamar yadda na faɗa miki. Ƙanƙara ce ta binne ni har ƙirji. Awa biyar ina ce wa kaina, Mairo ta riga ta kira su."