Kwalba ta Ƙarshe a Kan Bel

Kwalbar ta iso bakin gada, ta yi tangaɗi kamar jariri mai koyon tafiya, ta kife. Ƙarar fashewarta ba ta fi ta cokali a kan faranti ba, amma Injiniya ya ji ta har cikin haƙoransa.

A waya yake kallo. Mai haɗa magani ta asibitin ce ta kira shi, ta juya kyamararta ga na'urar ba da magani.

"Ka gani ko? Saura ɗaya tak. Ka yi haƙuri, na san kana hutu."

Shi ya kafa na'urar nan da hannunsa. Wani ƙaton akwatin sanyi ne mai jikin gilashi, inda ake ajiye magungunan da ba sa son zafi. Hannun ƙarfe ke ɗauko kwalba ya ɗora a bel na farko, wato shimfiɗar roba mai tafiya, bel ɗin ya miƙa wa na biyu, na biyun ya kai ta taga inda mutum zai ɗauka. Tsakanin bel biyun akwai ɗan ƙarfe mai faɗin yatsa, shi ma'aikata ke kira gada. Ƙofar akwatin kuwa ba ta buɗuwa sai da mabuɗin kamfani, mutanen kamfani kuma sun ce sai gobe.

Goben ce babu. A bene akwai mara lafiya da cuta ta shiga jininsa, an gwada duk abin da ake da shi ya ƙi ji. Likita ya ce idan ba a sa masa wannan maganin yau ba, sai dai addu'a.

Matar Injiniya ce ke riƙe masa wayar. Ya ce ta matso da ita kusa da fuskarsa, ta kuma bar kyamararsu a kashe. Ya ƙura wa ɓaraguzan gilashin ido. Sabbin kwalaben dogaye ne, sirara, gindinsu ƙanƙane, ba irin gajerun da aka saita na'urar a kansu ba. Bel na farko yana turo su da gudu, na biyu yana karɓa a hankali. Gindi ya tsaya, kai ya wuce.

Aikin ɗan lokaci ne, da yana wurin. Ya san kowane noti na wajen kamar yadda ya san haƙoran bakinsa. Ya ɗaga hannu zai nuna wa mai haɗa magani abin da za ta taɓa, sai ya tuna ba ta ganinsa, hannun ma ya yi nauyi ya koma inda yake.

Da baki ya yi aikin. Mai haɗa magani ta shiga allon sarrafa na'urar, ta rage gudun bel na farko. Ta latsa wani wuri daban, na'urar ta yi kuka, jar fitila ta kama. Ya ce ta koma baya. Ta koma. Ya ce ta nemi ɗan maɓalli baƙi a gefen hagu, wanda ke matse shingayen da ke tallafe kwalba. Ta laluba ta ce babu. Ya ce hagunta, ba hagun na'ura ba.

"Ɗaga murya mana, Injiniya! Kai kana can a kwance, mu an bar mu da ran mutum a hannu."

Matarsa ta buɗe baki za ta yi magana, ya girgiza mata kai. Ta cije leɓe, ta share masa gumin goshi da gefen mayafinta.

Maɓallin ya ƙi juyawa. Mai haɗa magani ta naɗe shi da gefen rigarta ta murɗa, ya motsa kaɗan ya cije. Ko ya matse yadda ya kamata, ko bai matse ba, waya ba za ta nuna masa ba. Abu ne da ɗan yatsa ke ji. Ya tambaya ko akwai kwalbar banza da za a gwada da ita. Duk na gwajin gajeru ne. Ta ce likita ya sake aikowa.

Ya rufe ido. Duk iliminsa ya ƙare a nan, kamar gugan da igiyarsa ta gaza ruwa da taki ɗaya.

"Sake ta," in ji shi.

Hannun ƙarfe ya sauko, ya ɗauki kwalbar, ya dire ta. Ta taho a hankali, ruwan cikinta na kaɗawa. Babu mai numfashi a ɓangarorin wayar biyu. Ta taka gada. Ta karkata, ta jingina da shinge, ta tsaya cak, bel na zamewa a ƙarƙashinta. Matarsa ta damƙe masa kafaɗa. Babu abin latsawa, babu abin faɗi. Sai kwalbar ta miƙe da kanta, kamar wadda ta sake shawara, ta haye.

Mai haɗa magani ta saki salati, ta yi dariya mai haɗe da kuka.

"Allah ya saka da alheri. Wannan bawan Allah ba zai taɓa sanin wanda ya taimake shi ba. Koma ka ci gaba da hutunka."

Ta kashe. Matarsa ta ajiye wayar, ta kifa kai a gefensa, kafaɗunta na girgiza. Shi kuwa ya zuba wa silin ido yana sauraren takun da ke tahowa da sauri a baranda.

Ƙofa ta buɗe, nas ta shigo da kwalbar a tafin hannunta, ta ce, "Sannu Baba, maganinka ya iso, miƙo hannun."