Motar da Ta Mutu a Bakin Tur'a

Motar ta yi tari sau biyu, ta shaƙe, ta mutu daidai gadar tur'a, magudanar ruwan da ke shayar da gonakin yankin Jazira. Farar a-kori-kura ce mai shan dizal, irin wadda ake kira boksi, ɗauke da buhu ashirin na albasa. Muzammil ya yi ta murɗa makulli har batir ya fara nishi. Ya duba agogo, ya waiga baya. So yake ya wuce garin Kamlin kafin la'asar, ga shi ko kilomita uku bai yi daga ƙauyen da ya baro ba.

Taimakon da Allah ya aiko masa wani tsoho ne a kan jaki. Jakin ba shimfiɗa, kuma da gani shi da mahayinsa ba su saba ba.

"Sannu, ɗana. Hutawa kake yi, ko ita ce ke hutawa?"

"Baba, ba usta a kusa? Makanike nake nema."

"Sunana Jibirin. Na ɗan taɓa."

Muzammil ya ja marfin inji, ya ƙi buɗuwa. Tsohon ya ɗan dake shi da tafin hannu ta gefen hagu, marfin ya ɗaga kamar an yi masa sallama.

Jibirin ba mai gaggawa ba ne. Ya fara da tanki: ya tsoma kara, ya zaro, ya duba jiƙonsa a rana kamar mai sayen zinariya. Mai ya fi rabi. Ya kwance ƙasan matatar mai ya tara tafinsa, ko ruwa ya shiga. Ba ɗigo ɗaya.

"Yaushe ka sauya matatar nan?"

"Bara," in ji Muzammil.

"Madalla da hannunka. Shekara guda, amma sai ka rantse makon jiya aka sa ta."

Ya zagaya, ya zaro sifana daga bayan kujera, ya sassauta 'yar ƙusar da ake fitar da iska ta wajenta. Sannan ya nuna wa Muzammil famfon hannu da ke saman matatar, ya ce ya danna. Muzammil ya danna har babban yatsansa ya mutu. Kumfa kaɗan ta fito, sai shiru. Tsohon kuwa ya koma inuwar motar yana ba da ƙwarin gwiwa daga zaune.

Manoma biyu da ke gyaran ruwa a gonarsu suka hauro da fartanya a kafaɗa, suka gaishe da tsohon, suka tsaya kallo. Can sai ga wasu uku. A ƙauye lalacewar mota ai biki ne, Muzammil bai damu ba.

Aka sassauta bututun da ke kai mai cikin inji, aka murɗa makulli. Ƙarfen a bushe. Jibirin ya gyaɗa kai irin na likitan da ya ga cuta mai ban sha'awa.

"Mai na tanki, bai iso gaba ba. Wani abu ya tare mishi hanya. Cire tiyon nan ka zuƙa."

Muzammil ya zuƙa. Guntun dizal da ya rage a tiyon ya cika masa baki, ya tofar, ya yi ta kaki. Wani daga cikin manoman ya yaba da ƙoƙarinsa. Ba wanda ya miƙa masa ruwa, ko da yake tur'a na gudana a ƙarƙashinsu.

Da ya ɗago, sai ya ga wata tarakta ta tsaya a bayan motar, amalanke kuma a gabanta. Masu kallo sun kai goma sha biyar, kuma ba injin suke kallo ba.

"Baba, na gode," ya ce yana goge baki. "Bari in taka zuwa titi in samo usta na gaske."

"A wannan rana? Haba, ya zol," in ji wani ƙato, wato "bawan Allah" da Larabcin Sudan, ya dafa kafaɗarsa cikin ladabi. Hannun bai sauka ba.

Jibirin ya mayar da tiyon, ya ɗaure duk abin da aka kwance, ɗaya bayan ɗaya. Ya shiga mazaunin direba, ya gyara madubi daidai tsawonsa, ya zura hannu ƙarƙashin kujera ya murɗa wani abu. Ya ce a danna famfon sau goma. Bugu biyu, injin ya tashi sumul.

"Hau baya kan albasa, ɗana, mu kai ka Kamlin da kake sauri. Ofishin 'yan sanda na bakin hanya."

Shekara goma sha ɗaya ke nan da Jibirin ya ɓoye 'yar makunnar da ke datse mai a ƙarƙashin kujerar nan, tun ranar da ya sayi motar, kuma bai taɓa shiga gidan gaisuwar mutuwa ya bar makulli a jiki ba tare da ya rufe makunnar ba. Yau ma a ƙofar gidan gaisuwar Muzammil ya tarar da motar da makullinta, ya ja ta ya gudu.