Bugu na Uku

Sau biyu aka bugi jikin ƙaramin jirginsu na ƙarƙashin teku, sai shiru.

Mai nutsonsu yana waje, Kyaftin kuwa ya san ƙa'ida. In mai nutsonsu ya fita yankan ragar ƙarfen da ta tare mashigin ruwan Norway, bugu uku na nufin "ku buɗe mini". Biyu kuwa, "na maƙale, ku wuce".

"Rabu da shi, tsiyarsa ce," in ji Kyaftin. "Kullum sai ya ja mana rai."

"Ranka ya daɗe, iska ta kusa ƙare mana," in ji makaniki.

Kyaftin ya daɗe kunnensa manne da ƙarfen jirgin, sannan ya ce a tafi.

Yau shekara arba'in ke nan. In baƙo ya ƙwanƙwasa ƙofarsa sau biyu, tsohon Kyaftin ɗin ba ya tashi. Na uku yake jira.